Fitila Ta Uku Ta Ƙi Tsayawa

Ku yi haƙuri da ni yau, masu karatu, hannuna bai gama dawowa daidai ba. Na ga saƙonninku. Wasu sun ce neman rigima kawai nake yi, wai mace ta samu mai sonta kamar Injiniya amma ta zauna tana tsince masa laifi. Na ji. Ku ma ku ji abin da ya faru ranar Asabar, sannan ku sake yi min hukunci.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce ƙarama a gidanmu, kowa Auta yake ce min, kuma ina aiki a shagon sayar da magani. Injiniya shi ne mai nemana. Shekara biyu da suka wuce ya zo ja mana kebul na intanet, tun daga ranar sunansa bai bar bakin Umma ba. Shi ya gyara mana injin wanki. Shi ya kafa kyamara a ƙofar gida da wata a baranda, saboda ɓarayi. Shi ya kawo baƙin akwatin nan, modem, ya ɗora a kan kabad ɗin falo, ya ce kada kowa ya taɓa. Sati mai zuwa iyayensa za su zo wajen Baba.

Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Abin da yake yi shi ne sanin abin da ban faɗa masa ba.

Wata rana na rufe ƙofar ɗakina, na buɗe kwamfuta, na duba wata makarantar koyon jinya da ke wani gari. Ko Umma ban gaya wa ba. Da yamma ya zo, yana juya cokali a shayi, ya ce, "Garin nan da nisa fa, Auta. Kuma ruwansu ba shi da kyau." Ya yi dariya, ya ci gaba da hira da Baba.

Da na kai wa Umma ƙara, tana ninke kaya ta ce, "Wannan ai so ne, sakarya. Ubanki shekara talatin da biyar muna tare, har yau bai san kalar da nake so ba."

"Umma, ban gaya masa ba fa."

"To shi ne me? Ya hutar da ke wahalar faɗa."

Sista ce ta buɗe min ido, babbar da nake aiki a ƙarƙashinta a shago. Mace ce mai son sanin cikin kowane inji, har ma'aunin hawan jini ta taɓa kwancewa don ta ga abin da ke hura shi. Ta ce, "Wanda ke riƙe da akwatin yana iya ganin duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa a intanet. Canza akwatin." Na sayi sabo, fari, na ɓoye shi a ƙarƙashin gado cikin tsohon mayafi har kwana tara. Ba wani abu nake nema ba. Sati ɗaya kawai nake so da babu mai leƙen kaina, in cike takardar makarantar, in zauna in gane ko son auren nan nake yi ko tsoron mutumin nake ji. Kuma dole a yi haka bai sani ba.

Ranar Asabar da safe Umma ta raka Baba asibiti a duba idon da aka yi masa aiki. Tana gyara ɗaurin ɗankwalinta a madubin baranda ta ce, "Ƙarfe uku yayarki za ta kira in ga jikana. Ki sa min wayata a caji."

"To, Umma. Allah ya kiyaye hanya."

Na tsaya a bayan ƙofa har ƙarar motar hayar ta ɓace. Ina sanye da doguwar rigar barci mai ruwan toka, ko wanka ban yi ba. Na ɗauko kujera na hau.

Baƙin akwatin yana da ɗumi kamar cikin kyanwa. Da na ja shi, wata tsaka ta fito daga bayansa a guje, ta bar ƙwai biyu manne da katako, farare, ƙanana, kamar ƙwayar maganin mura. Ashe shekara biyu tana kwana a ɗumin abin da ke hana ni barci. Na ji tausayinta. Ban taɓa ƙwan ba, na kifa murfin kwalba a kansu don kada in murƙushe su.

Na zare filogi. Fitilunsa huɗu suka mutu lokaci guda. Wallahi sai na ji falon ya ƙara faɗi.

Na kwance kebul ɗin da ke bayansa, mai kauri ɗin nan da ake murɗawa kamar murfin kwalba, na murɗa shi a jikin farin. Na sa wuta. Takardar cikin kwali ta ce a jira minti biyar: fitila ta farko wuta ce, ta biyu tana nuna saƙo na shigowa, ta uku ita ce ke cewa an haɗu da kamfani. Idan ta uku ta tsaya cak, an gama.

Ta farko ta kama. Ta biyu ta fara ƙyafta ido. Minti biyar, minti goma, tana ta ƙyaftawa.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon Injiniya ne.

*Lafiya, Auta? Na ga gidan ya yi shiru.*

Minti goma sha biyu kacal da cire akwatin. Na zauna a hannun kujera. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa.

*An ɗauke wuta ne.*

*To. Allah ya kawo ta.*

Ya haɗa da fuskar nan mai murmushi. Fankar falo tana juyawa a saman kaina. Na tashi na kashe ta, kamar zai iya jin iskarta ta cikin waya.

Na kira Sista. Ina jin hayaniyar shago a bayanta.

"Ta biyu ta ƙi tsayawa."

"Kwance kebul ɗin ki duba bakinsa. Akwai wata 'yar allura a tsakiya. A miƙe take?"

Na duba. Allurar ta lanƙwashe gefe guda. Cikin sauri na murɗa ta a karkace.

"Miƙar da ita a hankali. Idan ta karye kin shiga uku, don ba ki da kayan yanke kebul."

Na ɗauko abin tsige gira. Allurar tana ta zillewa. Na dafa gwiwar hannu a kan tebur, na riƙe numfashi, na tura ta kaɗan kaɗan har ta tsaya. Na murɗa kebul ɗin da yatsu har ya ƙi gaba. Na zare filogi, na ƙirga talatin kamar yadda ta ce, na mayar.

Ta biyu ta tsaya. Na kusa sumbatar akwatin.

Sai ta uku ta fara nata. Kore, duhu, kore, duhu.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Na kashe na kunna sau huɗu. Na canza soket. Na hura bakin kebul, ban san dalili ba, haka na ga Baba yana yi wa duk abin da ya ƙi aiki. Sista ta ce in bi kebul ɗin in ga inda ya fito, wataƙila an raba shi a hanya ƙarfinsa ya ragu.

Ban taɓa sanin gidanmu yana da wannan hanyar a cikinsa ba. Kebul ɗin ya sauka ta bayan kabad, ya bi gindin bango an danne shi da ƙananan ƙusoshi, ya kewaye ƙofar kicin ta sama, ya nutse cikin wani rami ya ɓulla a ɗakin Baba. Na bi shi da rarrafe. A bayan wadirob ɗin Baba na tarar da duniya guda: silifas ƙafa ɗaya, tsohon tabarau, wani mabuɗi da ba na ƙofarmu ba, da carbin da aka yi wata guda ana nema har Umma ta zargi mai wanki. A tsakiyarsu ga wani ɗan ƙarfe mai baki uku, duk ya yi tsatsa. Kebul ɗaya ya shigo daga waje, ɗaya ya tafi falo, na ukun ya tafi wajen tsohuwar talabijin ɗin Baba da ta mutu tun ina sakandare, wadda yanzu ake ɗora kwalaben magani a kanta.

"Cire ƙarfen gaba ɗaya," in ji Sista. "Kawo akwatin nan ɗakin, ki haɗa shi da wanda ya shigo daga waje kai tsaye. Idan ya kama, mun san mai laifi."

Tsatsar ta ƙi kwancewa. Na sa filaya, na yanke a babban yatsa, jini ya ɗiga a rigata. Na haɗa. Na zauna dirshan a ƙasan ɗakin Baba, ƙura a gashina, ina kallon fitilu.

Ta farko. Ta biyu. Ta uku, kore, duhu, kore, duhu.

Waya ta sake ƙara.

*Har yanzu ba a kawo ba? Ko in zo in duba?*

*A'a, kada ka wahalar da kanka. Barci zan yi.*

Ya karanta. Bai amsa ba. Shirunsa ya fi maganarsa tayar min da hankali. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in ɗauka tasa ce. Na je na leƙa ta labule sau uku. Mai sayar da kayan gwari ne, sai wata mata da laima, sai wani kare da ya tsaya yana kallon ƙofarmu kamar an aiko shi.

Na yi tunanin mayar da baƙin akwatin, in ce wuta ta dawo, in binne maganar. Har na ɗauko shi. Ya huce, ya yi sanyi a hannuna. Na tuna fuskarsa yana juya cokali a shayi. Na ajiye.

Na haɗa kwamfuta da farin akwatin da ɗan kebul ɗin da ya zo a kwali. Shafi ɗaya ne kawai ya buɗe, na kamfani, yana cewa ba su san wannan na'urar ba, a kira su a yi mata rajista. Ashe duk wahalar nan da na sha, akwatin lafiyarsa ƙalau. Kamfani ne bai san shi ba, kamar baƙon da ya zo ƙofa maigadi ya hana shi shiga.

Na kira su. Aka sa min wani kiɗa mai maimaita kansa, minti ashirin da biyar, wata murya tana shigowa tana cewa kirana yana da muhimmanci. Ƙarfe ɗaya saura kwata wata mata ta ɗauka. Muryarta a gajiye take, ina jin tana tauna wani abu.

"Sabon modem kika sa? Karanto min lambar da ke manne a ƙarƙashinsa."

Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa. Na ɗauki hotonsa da waya, na ƙara girmansa, na karanto mata harafi harafi.

"Yauwa, na gan shi. Sunan mai asusun?"

Na faɗi sunan Baba.

"Ke ce wa a wajensa?"

"'Yarsa."

"Ba damuwa. Zan tura lambobi shida zuwa wayar da ke kan asusun, ki karanto min, in buɗe miki. Mai ƙarewa da huɗu da ɗaya."

Wayar Baba da bakwai da tara take ƙarewa. Ta Umma da sifili biyu. Huɗu da ɗaya kuwa na san ta, na haddace ta tun lokacin da ganinta ke sa ni murmushi. A take na tuno Baba zaune a falo, yana miƙa wa Injiniya waya yana cewa, "Ni waɗannan lambobin da suke turowa ciwon kai suke sa min. Sa taka kawai, ɗana, ka hutar da ni." Haka muke a gidanmu. Duk takardar da ta zo da lambobi, wanda ya iya ake miƙa wa, a yi masa godiya.

"Malama, tsaya, kada ki tura."

"Ai na riga na tura."

Ban san irin sautin da ya fita daga bakina ba. Ta daina tauna.

"'Yar'uwa, lafiya?"

"Lambar ba tamu ba ce."

Na ji ƙarar maɓallai. Da ta sake magana ta rage murya, kamar wadda ta juya wa abokan aikinta baya.

"Ba a kan asusun kawai yake ba. An rubuta shi a matsayin mai kula da na'urar gidan. Ni daga nan ba zan iya cire shi ba. Amma idan mai asusun ya zo ofis da ƙafarsa, da katin shaidarsa, minti biyar ne a goge lambar a sa wata, a buɗe miki akwatinki. Yau Asabar, ƙarfe biyu muke rufewa." Ta ɗan tsaya. "Ki zo da shi yau. Kin ji ko?"

"Na ji. Allah ya saka."

Ina kashe kiran saƙo ya shigo. Lambobi shida ne, a jere. A ƙarƙashinsu Injiniya ya rubuta:

*Ga su, ranki ya daɗe. Da kin tambaye ni ai da na zaɓa miki mai kyau. Fararen nan ba sa daɗewa.*

Masu karatu, na karanta sau uku. Baƙin akwatin yana kan gadon Baba, babu wuta a jikinsa tun safe. Kyamarorin ta cikinsa suke bi, don haka su ma makafi ne. Labulen ɗakin a sake yake. Ta ina ya san fari ne?

Na duba silin. Na duba saman wadirob. Na duba idon tsohuwar talabijin, na ga fuskata a ciki, ƙarama, a kumbure. Na ja zanin gado na rufe ta, ni kaina na san wauta ce.

Lambobin suna nan a hannuna. Idan na sake kiran kamfani na karanto su, fitila ta uku za ta tsaya, Umma ta ga jikanta ƙarfe uku, kowa ya ci abinci lafiya. Shi kuma yana nan a rubuce, mai kula da na'urar gidan. Sabon akwatin zai zama nasa kafin la'asar, da hannuna na miƙa masa.

Na buɗe durowar gefen gadon Baba. Katin shaidarsa yana cikin gidan tabarau inda yake ajiye shi kullum. Na ɗauka. Na shiga ɗakina na zura baƙar doguwar riga a kan ta barci, na yafa mayafi, na naɗe yatsana da filasta. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Zan tare su a bakin titi, kafin Umma ta shigo ta ga kebul a zube.

Ina zare sakata na ji hon. Gajere, sau biyu. Na san hon ɗin.

Motarsa ce a ƙofar gida. Umma ce a gaba, tana dariya, jakarta a cinya. Ya fito cikin farar riga mai dogon hannu, a goge tsaf, ya zagaya ya buɗe wa Baba ƙofar baya, ya kama shi ya fito da shi a hankali. Idon Baba na hagu a rufe da auduga.

"Kin ga ɗan albarka," in ji Umma tana fitowa. "Muna tsaye a bakin asibiti rana na dukanmu, sai ga shi kamar an jefo shi. Ke kuma ina za ki da wannan fuskar kamar wadda ta ga gawa?"

Injiniya ya dube ni, ya dubi filastar yatsana. Ya yi murmushin nan da kowa ke yabo.

"Sannu da aiki, Auta."

Na wuce shi na tsaya a gaban Baba.

"Baba, kada ka shiga ciki. Za ka raka ni wani wuri."

"Yanzu?" in ji Umma. "Mutum ya fito daga hannun likita, ko ruwa bai sha ba? Ba ki da hankali ne?"

"Yanzu, Baba. Don Allah."

"Ku shiga in kai ku," in ji Injiniya, ya sake buɗe ƙofar motar. "Ina ne?"

Ban dube shi ba. Na kama hannun Baba, na sa masa katin a tafin hannu yadda babu wanda zai gani. Ya shafa shi da yatsa, ya gane ko mene ne. Ya juyo da lafiyayyen idonsa ya kalle ni. Tunda nake ban taɓa roƙonsa komai a gaban mutane ba. Ya daɗe yana kallona. Ya matse hannuna a cikin nasa.

"Hannunki kamar ƙanƙara," ya ce a hankali. Sannan ya ɗaga murya. "Injiniya, ka yi ƙoƙari yau, Allah ya yi albarka. Je ka huta. Likita ya ce in riƙa ɗan takawa. Za mu samu mota a bakin titi."

"Malam, wai me ke faruwa ne?" in ji Umma.

"In mun dawo kya ji. Ni ma ban ji ba tukuna."

Muka juya. Taku uku muka yi, Injiniya ya matso gefena kamar zai gyara wa Baba hannun riga. Ya sunkuyo, ya yi maganar yadda ni kaɗai zan ji, da murya mai taushi irin ta mai ba da shawara.

"Ku ɗan ɗaga ƙafa. Ai ta ce miki ƙarfe biyu suke rufewa."

Ban faɗi inda za mu ba. Ko Baba bai sani ba. Mu biyu ne a kan layin nan, ni da matar kamfani.

Na dubi wayar da ke hannuna. Sai a lokacin na tuna wanda ya karɓe ta bara da gilashinta ya fashe, ya kwana biyu da ita, ya dawo min da ita tana sheƙi.

Na ɗora ta a kan murfin motarsa, fuskarta a ƙasa. Na riƙe Baba da hannu biyu, muka nufi titi.